Huraira, Wa Kika Bar wa Zailani?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga watan Yuni, 1977, ana dab da kiran sallar la'asar, Allah ya karɓi ran Sista Huraira, matar Malam Ubale na unguwar Jigwada, wadda ta riƙe ɗakin awon yara na garin nan na Keffi tun shekarar da aka sami mulkin kai. Ina tsakar gida ina tsintar wake maƙwabciyata ta faɗo mini ba sallama, ɗankwalinta a hannu. Sunanki kawai ta kira, Huraira. Kafin magariba an kai ki makwanci, maza sun dawo suna kakkaɓe jar ƙasa daga ƙafafunsu.

An ce ba a faɗa da mamaci, kuma na sani. Amma ni Hajo ce, Huraira, wadda kuka zauna benci ɗaya da ita tun ranar da aka kamo mu aka zuba a makarantar boko iyayenmu suna kuka kamar an kai mu yanka. Ban taɓa ɓoye miki fushina ba kina raye, ba kuma yau zan fara ba. Ina kukan rashinki, ina kuma jin haushinki, ina jin haushin garin nan gaba ɗaya. Kin tafi kin bar jikana Zailani a kwance, yaron da bai cika shekara biyu ba, gudawa tana cinsa tun farkon damina, a gidan da ke kaɗai kike iya shiga ki ɗaga murya. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi, kuma da shi a raina nake wannan rubutu.

Waɗanda ba su san ki ba za su yi zaton wata mai sanyin hali ce ta rasu. Ina! Ranar da kika dawo daga koyon aikin jinya, da farar rigarki da agogo maƙale a ƙirji, mata suka yi ta murna an sami 'yar gari mai allura. Allura suke so, don a wurinmu maganin da bai huda fata ba wasa ne. Sai ga ki kina tambayarsu abin da suka dafa jiya. Mace ta goyo ɗa tun daga bayan gari, ta sha rana, ta zauna a layi, ki ɗora shi a sikeli, ki ja fatar idonsa ki duba, ki latsa ƙafarsa, sannan ki ce mata ta je ta tsinko zogalen da ke jikin dangarta. Da yawa sun fita suna tsaki. Wata ta ce da ta san ganye za a rubuta mata, da akuyarta ta tambaya.

Ba ki gaji da bayani ba, ko da yake ba ki iya yin sa a hankali ba. Kin ce hanjin yaro kamar katangar ƙasa ne, kullum yana son yaɓe, kuma abin yaɓen yana cikin abinci: bitamin ɗin da ke cikin ganye da manja da gwanda da hanta, da sinadaran da ke cikin wake da gyaɗa da riɗi da kifi. In an hana shi waɗannan sai bangon ya tsage, sai bango ya tsage kuwa ƙadangare ke samun wurin shiga. Gudawa ta zo ta wanke ɗan abin da ya rage, yaro ya ƙi cin abinci, a ce ai tunda ba ya so a ƙyale shi, hanjin ya ƙara lalacewa, gudawar ta dawo da ƙarfinta. Kin faɗi wannan a ɗakin awo, kin faɗa a gidan suna, kin faɗa a ajina ranar da na gayyace ki ki yi wa 'yan mata magana kan tsafta, kika cinye mini darasin lissafi ɗungurungum. Na haddace shi kamar karatun allo, ba don ina so ba.

Abin da ya fi ba mutane haushi shi ne buɗe tukunya. Kina shiga gida, kafin a shimfiɗa miki tabarma kin kai madafa, kin ɗaga murfi. In kika tarar an zuba wa alayyahu kanwa an bar shi yana tafasa tun hantsi har ya koma baƙi, sai ki tambayi matar gidan laifin da ya yi mata. In kika ga an tsame nama da hanta an jera a kwanon maigida, yara kuma an ɗiga musu romo a gefen tuwo, ranar maigidan ma sai ya ji a jikinsa. Na tuna wani dattijo da 'yarsa ke laluben bango da zarar rana ta faɗi. Gidan duk sun yarda iska ce ta shafe ta, an yi turare an yi rubutu. Kika ce dundumi ne, kika sa hannu a kwanonsa yana zaune, kika ɗauke hantar kika miƙa wa yarinyar. Ya kai ƙararki wurin mijinki. Malam Ubale, bawan Allah, ya ce masa shi ma haka ake yi masa a gida. Yarinyar nan yanzu tana da 'ya'ya, kuma da idonta ta zo makokinki.

Muna cikin wannan fama sai kuɗin mai suka shigo. Shekarar ƙarin albashin Udoji kowa ya zama mai hali. Da can talauci ne ke hana yara abinci, kina da wanda za ki zarga. Yanzu sai ga matan ma'aikata sun yar da nono sun rungumi madarar gwangwani da bulumboti, kwalbar shayar da jariri, ana dama ta da ruwan rijiya, ana tsinka ta don ta yi auki, kwalbar tana yini a rana ƙudaje suna walima a kanta. Zogale ya zama abincin matsiyata. Wanda ya isa sai ya tafi Sabon Gari ya sayo kwalbar tonik, maganin ƙarin jini mai hoton jariri ƙato, ya ajiye a kan kabad inda baƙi za su gani. Kin ce ba ki ƙi kwalba ba, ke ma kina bayar da ita ga yaron da jininsa ya ƙone, amma cokali ɗaya na ruwan zaƙi ba zai tsaya a cikin da babu komai ba. Wa ya saurare ki? Gwangwani yana da rubutun Turanci, ke kuwa 'yar gidan wane ce da aka san ranar haihuwarki.

Boniface mai kemis ya sha wuyarki fiye da kowa. Kin taɓa tsayawa a ƙofar shagonsa ranar kasuwa kina tare mata kina tambayarsu abin da ke damun yaran, kina mayar da rabinsu gida hannu wofi. Ya fito yana haɗa hannuwa.

"Sista, abeg, ni ɗan kasuwa ne. Abin da suka tambaya shi nake ba su."

"To in sun tambayi maganin tsayar da zawo na jariri, ka ce ya ƙare, ka turo mini su."

Ya yi ta ƙunƙuni, amma ya riƙa turowa. Da nasa ɗan ya kwanta, ba kwalaben kantarsa ya duba ba, ƙofarki ya buga. Ranar jana'izarki ya rufe shago, ya zo ya tsaya can nesa da sahu, hularsa a hannu, har aka watse.

Kada a ce faɗa kaɗai na tuna. Shekarar da ƙyanda ta sauka a ƙauyen Agwada, yara suka yi ta zawo bayan ƙurajen sun bushe, kin bar gidanki kin tare a can har ta lafa. Kin dawo kin rame, muryarki ta dushe, kina lissafa mini waɗanda suka tsira da sunayensu, waɗanda suka mutu kuma ba ki ambace su ba sai da muka kaɗaice kika yi ta kuka. Kin san macen da babu ce ta hana ta, kin kuma san wadda ganganci ne. Ta farkon ba ki taɓa ɗaga mata murya ba. Sai ki ce ta biyo ki bayan ɗakin awo ta taya ki cire ciyawa a ɗan lambun da kika yi, in za ta tafi ki cika mata zane da rama da gwanda da kabewa, ki ce ladan aikinta ne, don kada ta ji an yi mata sadaka. Ranar Laraba kuwa kina hura wuta a gindin mangwaro, ki dama kunun gyaɗa da garin busasshen kifi da ɗan manja a gaban iyaye, kowa ta ba ɗanta da hannunta. Mata nawa ne suka fara ganin 'ya'yansu sun sha sun lashe cokali a gindin bishiyar nan, Allah kaɗai ya sani.

Yanzu bari in zo kan abin da ke ci mini rai. Uwar Zailani 'yata ce ta fari, wadda ake kira Amarya tun tana ƙarama don ban iya kama sunanta. Zailani kuma shi ne ɗanta na fari. Duk wanda ya tashi a cikin garin Keffi ya san ma'anar wannan. Ita ba ta isa ta ɗauke shi a gaban surukarta ba, balle ta ce ga abin da za a ba shi. In yana kuka sai ta kau da kai ta ci gaba da shara, don kada a ce ba ta da kunya. Ni kuma ban isa in taka gidan aurenta ba sai da babban dalili, in na je ma a zaure zan tsaya, in gaisa, in juya. Uban yaron, Abubakar, yana tuƙa motar 'yan kwangilar hanya, sai a yi wata ba a gan shi ba, aikensa kawai ake gani, katan ɗin madara da kwalaben tonik. Saboda haka yaro ya zama na kakarsa Inno, uwar Abubakar, ita ta yaye shi, ita ke kwana da shi, ita ke yanke hukunci.

Ba na cewa Inno muguwa ce. Tana son yaron nan kamar ranta, kuma son ne ke neman kashe shi. Da gudawa ta fara ta ce haƙori ne. Da ta yi mako ta ce ai haƙoran ƙasa sun fi wuya. Ta hana shi miya don tana tsinka ciki, ta hana shi wake don yana kumbura ciki, ta rage masa ruwa don cikin ya bushe. Abin da ya rage masa shi ne koko tsararo da jiƙon saiwa, sai tonik safe da yamma. Gashin kansa ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunsa suka fara kumbura, Inno tana nuna wa baƙi tana cewa ƙiba ce ta fara zuwa. Na ji labari, na rasa abin yi, na zo na same ki. Kika dube ni sama da ƙasa kika ce, "Ku da kunyarku! Wata rana sai kun yi wa kabari kunya." Kika ɗauki jakarki kika wuce ni.

Abin da ya faru a gidan ba a gabana aka yi ba, amma unguwa ta ji. An ce kin zubar da jiƙon a makwarara, kin dafa ruwa kin sa ɗan gishiri da sukari kin zauna kina ɗura masa da cokali, kin kuma kira Amarya kin ɗora mata ɗanta a cinya a gaban kowa, kin ce a ga wanda zai hana. Inno ta yi rantsuwa ba za ki sake taka mata gida ba. Washegari kika dawo da kwanon kunu. Haka kika riƙa yi kullum in kin tashi aiki, kina shan zagi kina ba yaro abinci kaɗan-kaɗan, yau ɗan dakakken zogale, gobe gwanda, jibi wake da aka cire wa ɓawo. Gudawar ta ragu. Kumburin ya fara saɓewa. Kin aiko mini cewa ya kama yatsanki ya yi dariya, amma in ba a riƙe shi haka har kaka ba, komai zai dawo.

Kin san da wannan, Huraira, kin san rai yana rataye a hannunki, amma me kika yi da naki jikin? Ke da kika cika wa gari kunne da ganye, abincinki shayi ne da burodi a tsaye, sai goro da kike taunawa yini guda. Kin daɗe kina ciwon kai. Likita ya auna ki ya ce jininki ya hau, ya ba ki ƙwayoyi ya ce ki huta. Na gan su da idona a kan tagarki, ƙura ta rufe su. Da na yi magana kika ce in bari sai damina ta wuce, yanzu lokacin zawon yara ne. Wanzami ba ya son jarfa, gaskiyar Hausawa. Da mace ce ta yi wa ɗanta abin da kika yi wa kanki, da sai kin tara mata jama'a. Na san ajali ba ya jira, na yi imani da haka, amma Allah da ya ƙaddara mutuwa shi ya halicci magani, ke kika koya mini. Kika yanke jiki kika faɗi a bakin lambun nan, kwanon kunun Zailani yana hannunki.

Zaman makokinki kuwa, da kin gani da kin kore mu duka. Gida ya cika maƙil. Waɗanda suka yi shekaru suna kiranki Sista Ganye a bayan idonki su ne a gaba wajen kuka. Kowa yana da labarin yadda kika ceci ɗansa, ba wanda ya tuna yadda ya rufe miki ƙofa. Wasu manya suka zo da motoci, suka ce ya kamata a sa wa ɗakin awo sunanki, a yi masa fenti. Ba wanda ya tambayi wa zai ba lambun ruwa, ko wa zai hura wutar Laraba. Ina zaune ina kallon wata mata tana share hawaye da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana tura wa jaririnta bulumbotin da ya faɗi ƙasa ta ɗauka ta goge da bakin zane. Inno ma ta zo. Ta rungume ni tana cewa an yi rashin uwar marayu, ba za a sake yin irinki ba. Na tambaye ta jikin yaro, ta ce da sauƙi, haƙoran sun kusa fitowa.

Ranar sadakar bakwai wata 'yar unguwarsu ta raɗa mini cewa tun da aka binne ki aka mayar da shi kan koko da jiƙo, gudawa ta dawo, idanunsa sun faɗa. Amarya ta koma shara tana kau da kai. Na dubi matan da ke zaune, ina neman wadda za ta je. Kowa ta sunkuyar da kai, wai sha'anin gidan mutane ne. Na ce musu abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, yau nawa ne gobe na wata. Suka ce haka ne, Allah ya ba shi lafiya, suka ci gaba da rabon waina.

Na koma gida na dama kunun yadda kike damawa, na dafa ƙwai, na ɗauki mayafi. Na ratsa zauren da ban taɓa wucewa ba. Inno tana zaune a ƙofar ɗaki da yaron a kan tabarma, ta ɗago ta gan ni, ta saki baki.

"Hajo? Ke ce har tsakar gidan nan? Lafiya?"

"Ba lafiya ba, Inno. Jikana na zo ba abinci."

Ta ga ƙwan, ta dafe ƙirji. "Ƙwai? So kike ya tashi ɓarawo?"

"Ya tashi tukuna. In ya yi sata ni zan biya."

Na zauna a ƙasa na ɗauke shi. Bai kai nauyin kaza ba, Huraira. Na kira 'yata, da bakina, a gaban surukarta da matan gidan, na ce ta ajiye tsintsiyar nan ta zo ta riƙe ɗanta. Ta zo tana kuka, ni ma ina kuka, muka riƙa ba shi da cokali. Ya sha kaɗan, ya kau da kai, muka jira, ya ƙara sha. Inno ta shige ɗaki ta saki labule.

Yanzu maganata ake yi a Jigwada. Wai Malama Hajo ta zubar da girmanta, boko ya cinye mata kunya, ta shiga gidan surukai tana ba da umarni. Har wata dattijuwa ta ƙi amsa gaisuwata a hanya. Su yi ta yi. Kullum in na tashi daga makaranta can nake nufa, Inno ba ta ce mini sannu, amma ta daina ɓoye kwanon. Ba ni da hannunki, ba ni da iliminki, ban san ko ina yin daidai ba. Jiya gudawar ta ragu, yau da safe ta ɗan dawo. Gobe ni da uwarsa za mu goya shi zuwa asibiti ko da an hana, don na ga abin ya fi ƙarfin kwanona. Ban sani ba ko zai kai kaka. Da kin sha ƙwayoyin nan, wataƙila da yanzu ke ce a kansa, ni kuma ina gida da mutuncina. Wannan haushin zan daɗe ina jin sa, sai ki yi haƙuri da ni kamar yadda na yi shekaru ina haƙuri da ke.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Ubale, wanda ya yi zaman aure da guguwa bai taɓa kai ƙara ba, da 'ya'yanki, da 'yan uwanki na Keffi da na Agwada, da ma'aikatan ɗakin awo, da duk uwar da ta taɓa fita daga wurinki tana tsaki ta dawo tana godiya. Allah ya ba mu haƙurin rashinki. Ya Allah, ka gafarta wa baiwarka Huraira, ka yafe mata kaifin harshenta don kai ka san abin da take karewa da shi. Ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka sa kowane cokali da ta kai bakin ɗan wani ya zama nauyi a mizaninta. Ka haɗa ta da yaran da ta yi wa kuka, a Aljannar Firdausi. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Amma Huraira, ƙawata, akwai yaro ɗaya da ba na so ku haɗu yanzu. Allah ya sa ki daɗe ƙwarai ba ki ga Zailani ba. Amin.